Bezalel Ɗan Uri, Gwanin Da Ya Gina Alfarwa Ta Sujada

A cikin jama'ar da suka fito daga Masar tare da Musa akwai wani mai sana'ar hannu wanda Littafi Mai Tsarki bai ajiye ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Ba a rubuta wa'azinsa ba, ba a kuwa ba da labarin wani yaƙi da ya jagoranta. Abin da aka rubuta game da shi aikin hannuwansa ne, gama shi ne ya ƙera akwatin alkawari, ya kuma shugabanci ginin alfarwa ta sujada a gindin Dutsen Sina'i. Sunansa Bezalel. Babi shida na ƙarshen Littafin Fitowa suna bayyana yadda shi da abokan aikinsa suka sarrafa zinariya, da katako, da fata, da zare, har suka zama mazaunin da Ubangiji ya cika da ɗaukakarsa. Shekaru fiye da dubu daga baya, marubucin wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya ɗauki wannan alfarwa ya bayyana aikin ceto na Yesu Almasihu da ita.

Asalinsa

Bezalel ɗan Uri ne, jikan Hur, daga kabilar Yahuza. Littafin Tarihi na Ɗaya, babi na 2, ya bi zuriyarsa zuwa Kalibu ɗan Hesruna, wanda ya haifi Hur da matarsa Efrata. Wannan Kalibu dabam yake da Kalibu ɗan Yefunne, wanda ya leƙo asirin ƙasar Kan'ana tare da Joshuwa. Ma'anar sunan Bezalel a harshen Ibrananci ita ce mutumin da yake cikin inuwar Allah.

An daɗe ana ɗauka cewa kakansa shi ne Hur ɗin nan wanda ya taimaki Haruna riƙe hannuwan Musa a Refidim, sa'ad da Isra'ilawa suke yaƙi da Amalekawa, wanda kuma Musa ya bar wa jama'a amana tare da Haruna lokacin da ya hau dutse. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya rubuta cewa Hur mijin Maryamu ne, 'yar'uwar Musa. Wannan bayani na al'adar Yahudawa ne, ba ya cikin Nassi.

An haifi Bezalel a ƙasar bauta. Mutanensa ne Fir'auna ya sa su gina biranen ajiya na Fitom da Ramases, su ne kuma aka hana wa ciyawar kwaɓa tubali, aka ce kuma yawan tubalin da suke yi kada ya ragu. Masar ta wancan zamani ta yi suna a ƙirar zinariya, da sassaƙa, da saƙar lilin mai laushi, kamar yadda kayan da aka tono daga kaburburan sarakunanta suka nuna. A ƙasa irin wannan ya girma, inda gwanintar bawa ta maigidansa ce, abin da hannunsa ya yi kuwa yakan ƙare a fadar sarki ko a ɗakin gunki.

Kiransa

A wata na uku bayan fitowarsu daga Masar, Isra'ilawa suka sauka a jejin Sina'i. Musa ya hau dutsen ya yi kwana arba'in, a can ne aka nuna masa fasalin alfarwar da dukan kayanta, aka kuma gargaɗe shi ya yi kome bisa ga abin da ya gani. Amma Musa makiyayi ne kuma annabi, Haruna kuwa firist, aikin kuwa yana bukatar maƙeri da masassaƙi. A babi na 31 na Fitowa Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi hikima da fahimi da sani domin aikin zinariya, da azurfa, da tagulla, da yankan duwatsu masu daraja, da sassaƙar itace. Wannan yana cikin wurare na farko a Littafi Mai Tsarki inda aka ambaci cika mutum da Ruhun Allah, mutumin kuwa mai guduma ne da gizago.

Ba a bar shi shi kaɗai ba. An haɗa shi da Oholiyab ɗan Ahisamak na kabilar Dan, gwanin zane da saƙa da ɗinkin ado. Yahuza ɗan Lai'atu ne, kabilarsa ce take gaba sa'ad da jama'a suka tashi tafiya. Dan kuwa ɗan Bilha ne, baranyar Rahila, kabilarsa ce take tafe a can baya. Mutumin gaba da mutumin baya aka ɗora wa aikin tare. An kuma ba su biyun baiwar koya wa waɗansu, saboda haka wurin aikin ya zama makaranta, inda duk mai basira a cikin jama'a ya sami abin yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nan da nan bayan kiran, a cikin babin nan ɗaya, aka sake jaddada dokar Asabar. Musa ma ya maimaita ta kafin a fara tara kaya. Ko ginin wuri mai tsarki bai zama hujjar karya ranar hutu ba.

Zinariya ɗaya, ayyuka biyu

Tun Musa bai sauko da wannan umarni ba, jama'a suka gaji da jira. Suka cire 'yan kunnen zinariya suka kai wa Haruna, shi kuwa ya narkar da su ya yi siffar ɗan maraƙi. Mutum wajen dubu uku suka mutu saboda wannan zunubi. Abin da ya fi haka nauyi shi ne Ubangiji ya ce ba zai tafi a tsakiyarsu ba, Musa kuwa ya kafa wata 'yar alfarwa a bayan zango, nesa da mutane. Sai da Musa ya yi roƙo, ya sake hawan dutsen kwana arba'in, aka sabunta alkawarin.

A wannan hali ne Bezalel ya fara aiki. Jama'ar da suka ba da zinariya domin gunki su ne aka sake roƙa su kawo baiko da yardar rai. Zinariyar kuwa iri ɗaya ce, wadda Masarawa suka ba su a daren fitowa. Wutar maƙera ɗaya ce, dabarar narkarwa ma ɗaya ce. Bambancin da yake tsakanin aikin Haruna da na Bezalel shi ne, Haruna ya bi son jama'a, Bezalel ya bi fasalin da aka nuna a kan dutse.

Maza da mata suka kawo zobba, da mundaye, da 'yan kunne. Mata gwanayen kaɗi suka kaɗa zaren shuɗi, da shunayya, da mulufi, da lilin, waɗansu suka kaɗa gashin awaki. Shugabanni suka kawo duwatsu masu daraja, da kayan ƙanshi, da mai. Matan da suke hidima a ƙofar alfarwa suka ba da madubansu na tagulla, da su aka ƙera daron wanka na firistoci. Kowace safiya sai ƙarin kaya ya zo, har masu aikin suka bar abin da suke yi suka je wurin Musa suka shaida masa kayan sun fi ƙarfin bukata. Musa ya sa aka yi shela a zango a daina kawowa. Mutanen da aka danƙa wa dukiya mai yawa haka, a cikin jeji inda ba mai binciken littattafansu, su da kansu suka ce ya isa.

Aikin da ya yi

Da kamu aka auna kome, kamu ɗaya kuwa wajen santimita 45 ne. Farfajiyar tana da tsawon kamu 100 da faɗin kamu 50, wato kimanin mita 45 da mita 22 da rabi, ba ta kai rubu'in filin ƙwallon ƙafa ba. An kewaye ta da labulen farin lilin mai tsayin kamu 5 a kan dirkoki 60, ƙofa ɗaya tak aka bari, mai faɗin kamu 20, tana fuskantar gabas. Wanda ya shiga zai fara tarar da bagaden tagulla na hadayar ƙonawa, mai kamu 5 a kowane gefe da tsayin kamu 3, sa'an nan daron wanka.

Alfarwar kanta ƙarama ce, tsawonta kamu 30, faɗinta wajen kamu 10. An tsai da ita da katakai 48 waɗanda aka dalaye da zinariya, kowanne yana zaune a kan kwasfa biyu na azurfa. Itacen da aka yi amfani da shi na jeji ne mai ƙaya, dangin bagaruwa da farar ƙaya, mai tauri, wanda ba ya saurin ruɓewa. Rufin hawa huɗu ne. Daga ciki akwai labule 10 na lallausan lilin da aka saƙa da siffofin kerubobi, a kansu labule 11 na gashin awaki, sa'an nan fatun raguna da aka rina ja, daga waje kuma wata fata mai jure rana da ruwa. Duk wanda ya san aikin majeman Kano da Sakkwato, da yadda ake jeme fata da bagaruwa a rina ta ja da karan dafi, zai gane yawan wahalar da take cikin rufin nan kaɗai. Mai wucewa daga nesa fata kawai zai gani, dukan zinariyar tana daga ciki.

Labule mai kauri ya raba cikin alfarwar kashi biyu. A Wuri Mai Tsarki akwai teburin da ake ajiye gurasa 12 a kansa kowace Asabar, da bagaden ƙona turare, da alkuki mai fitila 7. Alkukin da kayansa daga talanti ɗaya na zinariya tsantsa aka yi su, wajen kilo 34, da bugun guduma aka fitar da gindinsa da rassansa shida da furanninsa masu kama da na itacen almon, ba tare da an haɗa wani guntu da wani ba. A bayan labulen akwai Wuri Mafi Tsarki, inda akwatin alkawari yake shi kaɗai.

Babi na 37 ya ambaci sunan Bezalel musamman a kan akwatin. Tsawonsa kamu 2 da rabi, faɗinsa da tsayinsa kamu 1 da rabi, an dalaye shi da zinariya ciki da waje. Murfinsa zinariya ce tsantsa, kerubobi biyu suna tsaye a kansa suna fuskantar juna, fikafikansu suna inuwantar da murfin. A cikinsa aka sa allunan dutse na Dokoki Goma. Bezalel ya san kowane lungu na akwatin nan, shi ya auna shi, shi ya goge shi. Amma daga ranar da aka keɓe alfarwar, ba shi da iznin sake ganinsa, gama shi ba firist ba ne, ba kuwa Balawe ba. Babban firist ne kaɗai yake shiga wurin, sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, da jini a hannunsa. Ko lokacin tafiya, sai firistoci sun lulluɓe akwatin kafin masu ɗauka su matso.

Shi da Oholiyab ne kuma suka shirya tufafin Haruna. Aka buga zinariya ta zama falle-falle, aka yanyanka ta siriri kamar zare, aka saƙa ta cikin falmaran. A ƙyallen ƙirji aka jera duwatsu 12 a layi huɗu, kowanne da sunan kabila ɗaya a zane, domin babban firist ya ɗauki sunayen jama'a a zuciyarsa duk lokacin da ya shiga gaban Ubangiji.

Da yake jama'ar matafiya ce, kowane abu an yi shi yadda za a iya kwance shi a ɗauka. Akwatin, da teburin, da bagadan duka suna da ƙawanya da sandunan ɗauka. Littafin Ƙidaya ya nuna cewa shugabanni sun ba da keken shanu 6 da shanu 12. Zuriyar Gershon masu ɗaukar labule suka sami keke 2, zuriyar Merari masu ɗaukar katakai da kwasfa suka sami 4, zuriyar Kohat kuwa ba a ba su ko ɗaya ba, gama a kafaɗa ake ɗaukar kaya mafi tsarki.

Lissafi da keɓewa

Da aka gama, aka ba da lissafi a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna, an kuwa rubuta shi a babi na 38. Zinariya talanti 29 da shekel 730, wato wajen tan ɗaya. Azurfa talanti 100 da shekel 1,775. Tagulla talanti 70 da shekel 2,400. Azurfar ta fito ne daga kuɗin fansa na rabin shekel wanda kowane namiji mai shekara ashirin zuwa sama ya biya, su 603,550. Wanda ya zauna ya yi lissafin, talanti ɗaya shekel 3,000, zai tarar ya yi daidai, ba ragi ba ƙari. An kuma faɗi inda kuɗin ya shiga: talanti 100 ya zama kwasfa 100, ragowar aka yi maratayan dirkoki da adon kawunansu. Attajiri bai biya fiye da rabin shekel ba, matalauci bai biya ƙasa da haka ba, a kan wannan azurfa ta kowa da kowa ce dukan alfarwar ta tsaya.

Aka kawo kayan duka gaban Musa, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ga an yi su daidai da umarnin, ya sa wa masu aikin albarka. A rana ta fari ga wata na fari a shekara ta biyu bayan fitowa daga Masar aka kafa alfarwar, shekara ba ta cika ba tun da suka sauka a Sina'i. Girgije ya rufe ta, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta, har Musa kansa bai iya shiga ba. Allah wanda ya ce ba zai tafi a tsakiyarsu ba, ya sauka a tsakiyar zango, kabilu uku a kowane gefe.

Abin da alfarwar take nunawa

Ibraniyawa babi na 8 ya kira hidimar alfarwar hoto da inuwa na abubuwan sama. Mutumin da sunansa yake nufin inuwar Allah, inuwa ya gina, ainihin abin kuwa ya bayyana cikin Yesu Almasihu. Sa'ad da Yahaya ya rubuta a babi na farko na bishararsa cewa Kalman ya zama mutum ya zauna a cikin mutane, kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita ta zama tana da tushe ɗaya da kalmar alfarwa. Allah ya sake kafa alfarwarsa a zangon 'yan adam, wannan karo cikin jiki. Kamar alfarwar Bezalel, daga waje ba a ga wani abin sha'awa ba, mutanen Nazarat masassaƙi kawai suka gani. Shi ma daga kabilar Yahuza ya fito.

Mai karatu zai iya bin hanyar daga ƙofa zuwa ciki. Ƙofar farfajiya ɗaya ce, Yesu kuwa ya kira kansa ƙofa a Yahaya 10. Abu na farko a ciki bagade ne, gama ba a kusatar Allah sai an biya hakkin zunubi, Yahaya Maibaftisma kuwa ya nuna Yesu a matsayin Ɗan Ragon Allah. Daron wanka yana tuna wa mai bi tsarkakewar da yake bukata kowace rana, kamar yadda Yesu ya koya wa Bitrus a daren da ya wanke ƙafafun almajiransa. Gurasar teburin da hasken alkukin suna kai tunani ga Yahaya 6 da 8, inda Yesu ya bayyana kansa gurasar rai da hasken duniya. Wahayin Yahaya ya haɗa hayaƙin turare da addu'o'in tsarkaka, Ibraniyawa 7 kuwa ya nuna Almasihu yana raye yana roƙo domin nasa.

Labulen ciki shi ne ya fi kome bayyana damuwar ɗan adam. Yana shaida cewa Allah yana kusa, amma hanya a rufe take. Matiyu 27 ya ba da labari cewa a lokacin da Yesu ya mutu, labulen Haikali, magajin labulen da Bezalel ya yi, ya tsage biyu daga sama har ƙasa. Ibraniyawa 10 ya fassara labulen da jikin Almasihu, ya kuma gayyaci masu bi su shiga da gaba gaɗi. A Romawa 3 Bulus ya kira Yesu abin kafara, da kalmar nan da tsohuwar fassarar Helenanci ta yi amfani da ita domin murfin akwatin, inda ake yayyafa jini a bisa allunan dokar da jama'a suka karya. Akwai kuma abin da Bezalel bai ƙera ba. A cikin dukan kayan alfarwar ba kujera, gama firistoci a tsaye suke hidima, aikinsu ba ya ƙarewa. Almasihu kuwa da ya miƙa hadaya ɗaya, ya zauna a hannun dama na Allah.

Masu wa'azi da yawa sukan ci gaba su ba kowane launi da kowace ƙusa ma'ana, su ce shuɗi sama ne, shunayya sarauta, mulufi jini, itace da zinariya kuwa mutuntaka da allahntakar Almasihu. Irin wannan tunani yana iya ƙarfafa zuciya, amma ya kamata iyaye da malaman makarantar Lahadi su bambanta abin da Sabon Alkawari ya fassara da kansa da abin da malamai suka hango daga baya.

Bayan zamaninsa

Da aka kafa alfarwar, sunan Bezalel ya fita daga labarin. Hukuncin da aka yanke a Kadesh ya ce duk waɗanda aka ƙidaya daga shekara ashirin zuwa sama za su mutu a jeji, in ban da Joshuwa da Kalibu, malaman Yahudawa na dā kuwa sun riƙe cewa Bezalel yaro ne ɗan shekara 13 sa'ad da ya yi aikin. Nassi ya yi shiru a kan ranar mutuwarsa da wurin kabarinsa, ya bi sawun aikinsa.

Alfarwar ta yi yawo cikin jeji shekara wajen talatin da tara, ta haye Urdun, aka kafa ta a Shilo a zamanin Joshuwa. A kwanakin Eli Filistiyawa suka ƙwace akwatin, ya yi wata bakwai a ƙasarsu, daga baya ya zauna a Kiriyat-yeyarim har Dawuda ya kai shi Urushalima. Alfarwar da bagaden tagulla kuwa suna Gibeyon. Littafin Tarihi na Biyu, babi na 1, ya ce a farkon mulkin Sulemanu bagaden da Bezalel ɗan Uri ya yi yana nan, a kansa ne sarkin ya miƙa hadayu dubu, a daren nan kuma ya roƙi hikima. Bisa ga lissafin Sarakuna na Ɗaya, babi na 6, an fara ginin Haikali shekara 480 bayan fitowa daga Masar. Bagade ya yi aiki fiye da shekara ɗari huɗu, mutane kuwa ba su manta wanda ya ƙera shi ba. Gwanin da sarkin Taya ya aiko wa Sulemanu ma, littafin nan na Tarihi ya ce mahaifiyarsa daga kabilar Dan take, kabilar Oholiyab. Da aka gama Haikalin, aka kai akwatin da alfarwar da kayanta can. Babilawa suka ƙone Haikalin a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, daga nan tarihin akwatin ya yanke. A 1906 wani mai sassaƙa Bayahude, Boris Schatz, ya kafa makarantar zane da sana'ar hannu a Urushalima, ya sa mata sunan Bezalel.

Darasi ga iyalan masu bi

Akwai gidajen masu bi inda ake murna idan yaro ya ce zai zama fasto ko likita, a kuma yi shiru idan ya ce zai koyi kafinta, ko walda, ko ɗinki. Tarihin Bezalel yana tsawata wa wannan hali. Ruhun da ya ba Musa annabci shi ne ya ba Bezalel iya yankan dutse. Bulus manzo ma da ɗinkin alfarwa ya ciyar da kansa a Koranti, tare da Akila da Bilkisu. A Wusasa kusa da Zariya, majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929 bisa fasalin ginin Hausa tana tsaye har yau, tana shaida cewa gwanintar magina na gida ta isa hidimar ɗakin sujada. Mai sana'a yana girmama Allah sa'ad da ya yi ɗinkin da ba ya warwarewa, ya cika alkawarin ranar da ya ɗibar wa mai kaya, ya kuma koya wa yaran shagonsa ba tare da ɓoye musu dabara ba. Sana'ar da za ta iya yin akwatin alkawari ita ce za ta iya yin ɗan maraƙi, don haka akwai aikin da mai bi zai ƙi karɓa kome yawan kuɗinsa.

Kwamitocin gini a ikkilisiyoyi su ma suna da abin koyo. Rigingimu da yawa sukan tashi ne a kan kuɗin siminti da kwano. Musa da Bezalel amintattu ne, duk da haka aka sa Itamar ya yi lissafi, aka rubuta shi har zuwa shekel na ƙarshe. Jama'ar da ta ga inda baikonta ya shiga ba ta bukatar a matsa mata kafin ta sake bayarwa.

Labarin yana da wata ta'aziyya ta musamman ga masu bi 'yan arewa da neman abinci ya kai su kudu. A Fatakwal, da Inugu, da Anacha wajen Kasuwar Relief, akwai mutanen Filato, da Kudancin Kaduna, da Bauchi, da Gombe, da Adamawa, waɗansu 'yan kasuwa, waɗansu masu gadi, da direbobi, da ma'aikata, waɗanda suke taruwa su yi sujada da Hausa. Ba kullum suke da gini nasu ba, wani lokaci ajin makaranta ne, wani lokaci rumfar kwano a filin haya, zuciyarsu kuwa tana can garinsu inda babbar majami'a take. Mazaunin farko da Allah ya umarta a gina masa na matafiya ne, da sandunan ɗauka a jikinsa. Bitrus ya kira masu bi baƙi da masu wucewa, Bulus kuwa ya koya wa Korantiyawa cewa jama'ar masu bi su ne haikalin da Ruhun Allah yake zaune a ciki. Wahayin Yahaya 21 ya sake ɗauko kalmar alfarwa sa'ad da yake bayyana ranar da Allah zai zauna tare da mutanensa har abada.

Zai yi kyau iyalai su keɓe mako guda a lokacin addu'ar yamma su karanta Fitowa 35 zuwa 40, su biyo da Ibraniyawa 9 da 10, yara kuma su zana fasalin farfajiyar a ƙasa ko a takarda, su nuna inda kowane abu yake da abin da yake koyarwa. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwan bayinsa a duk inda suke baƙunci.